Kare Ba Ya Hawa Mizani, Mai Shi Ne Zai Hau

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya girmama ɗan Adam, Ya hore masa dabbobi, sannan Ya ɗora masa amanarsu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Makonni kaɗan da suka wuce, bayan sallar La'asar, wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallacin da nake wa'azi a nan birnin Katsina. Yana riƙe da hannun jikansa, yaro ɗan shekara bakwai, an naɗe masa ƙwauri da bandeji. Yaron yana kan hanyar Islamiyya ne aka buɗe ƙofar wani gida za a fitar da mota, sai kare ya yi wuf ya fito ya cafke shi. Maigidan ya biya kuɗin wankin ciwo na ranar farko. Da aka zo maganar allurai sai ya janye hannu, ya ce tsautsayi ne, har ya kafa hujja da hadisin da ke nuna cewa ɓarnar dabba ba ta da ramuwa. Matasan unguwa kuwa sun fusata, wasu na cewa a jefa wa karen nama mai guba, wasu na cewa a cinna masa wuta. Da na ƙara bincike sai na ji ashe karen ya taɓa cizon wani mai ga-ruwa, maigidan ya sani, maƙwabta sun sani, amma ba wanda ya tunkare shi, saboda mai hali ne, kowa na cewa a bar kaza cikin gashinta.

Dattijon ya dube ni ya ce: "Malam, haƙƙin yaron nan ya faɗi ke nan?" Na ce masa bai faɗi ba. Dalilan wannan amsa nake so in shimfiɗa a nan, domin matsalar ta wuce gida ɗaya.

Duk mazaunin Katsina ya san yadda kiwon kare ya yawaita a 'yan shekarun nan. A da, sai a gidan mafarauci ko a rugar makiyayi ake ganinsa. Yau, saboda fargabar ɓarayi da ƙauraye da 'yan bindiga, gidaje da dama a GRA da Layout da sababbin unguwannin bayan ganuwa sun ajiye manyan karnukan Turawa, waɗanda ake saye da tsada musamman don zafinsu. Ga kuma karnukan da ba su da mai su, masu yawo a juji da mahauta da bakin kasuwa. Mun ga inda sakaci ya kai wasu garuruwa. A watan Satumba na 2021, a garin Nteje na jihar Anambra, karnukan mai wata makaranta sun kashe yaro ɗan shekara biyu. An kashe karnukan daga baya, amma hakan bai dawo wa uwa da ɗanta ba. Bai kamata mu jira sai irin wannan ta faru a ƙofar gidajenmu ba.

Asalin hukuncin ajiye kare

Musulunci bai ɗauki kare a matsayin abokin gaba ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai farauta. Aya ta 18 a Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo yana kwance a bakin ƙofa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, jikin kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai kuwa bauta ce da bin umarni.

Tare da haka, Manzon Allah (SAW) ya iyakance ajiye shi ga buƙata: farauta, tsaron dabbobi, da tsaron shuka. Wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba, ladan aikinsa na raguwa kullum da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Cikin hikimomin da malamai suka ambata game da wannan ragi akwai tsoratar da masu wucewa da cutar da maƙwabta. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ya hana ajiye kare a gidajen cikin gari.

To, tsaron gida fa? Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin da yake tsoron maƙiya, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron shuka da dabbobi idan buƙata ta tabbata. Ni ma a nan na tsaya: magidancin da ke tsoron a hauro masa gida da dare ba za a ce ya yi laifi don ya ajiye kare ba. Amma izinin ajiyewa daban, izinin cutarwa daban. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya zaɓi kare don haƙoransa ya san haƙoran nan ba su san bambancin ɓarawo da almajiri ba.

Hadisin da ake fakewa da shi

Hadisin da maigidan nan ya kawo ingantacce ne. Abu Huraira (RA) ya ruwaito shi, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ma'anarsa ita ce raunin da dabba ta yi ya tafi a banza, ba a bin kowa. Sai dai malamai ba su taɓa karanta shi shi kaɗai ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib (RA) ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Ayoyi na 78 da 79 a Suratul Anbiya sun ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana (AS) a kan tumakin da suka shiga shuka da dare, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa dukkan hukuncin biyu sun ɗora wa masu tumakin nauyi. Risala ma ta ɗora alhakin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai janta, da mahayinta.

Idan aka haɗa waɗannan nassosi, ma'anar ta fito fili. Ɓarnar da ke tafiya a banza ita ce wadda dabba ta yi da kanta, ba da sakacin kowa ba. Da zarar hannun mutum ya shiga, ko saninsa, ko sakacinsa, hukunci ya bar kan dabba ya koma kansa. Kare ba mukallafi ba ne. Ba a saukar masa da littafi ba, ba a aiko masa da manzo ba, ba shi da dukiyar da za a ci tara. Mai shi ne ke da hankali, shi ke da sarƙa, shi ke da makullin ƙofa.

Matakan alhaki a fiƙihun Malikiyya

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala a dunƙule ba. Shehu Halil, a Muhtasar ɗinsa, ya sanya ajiye kare mai cizo cikin babin jini, tare da haƙa rami da ɗaure dabba a kan hanya, wato abubuwan da mutum ke zama sanadin halakar wani da su. Shehu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a shekara ta 1201 bayan Hijira, da sauran masu sharhi sun rarrabe mas'alar kamar haka.

Na farko, wanda ya ajiye kare mai cizo da nufin cutar da wani mutum sananne, kuma karen ya halaka wannan mutumin, hukuncinsa ƙisasi ne, domin karen ya zama makami a hannunsa. Na biyu, idan ya yi nufin cutarwa amma wani dabam ya halaka, ko kuwa bai ayyana kowa ba, diyya ta wajaba. Na uku, idan ya ajiye shi ta fuskar da shari'a ba ta yi izini ba, kamar don alfahari da burge jama'a, kuma ya san yana cizo, zai biya ko an gargaɗe shi ko ba a gargaɗe shi ba. Na huɗu, idan ya ajiye shi don buƙatar da aka halatta, ba a kama shi da cizon da ya zo ba zato, amma daga ranar da aka yi masa gargaɗi a gaban hukuma ko a gaban shaidu, duk abin da karen ya yi yana wuyansa.

Mu koma kan maigidan nan. A bisa abin da ke cikin Mudawwana, wanda ya ajiye kare a gidan cikin gari alhali ya san yana cizo, shi ke biya. Idan kuwa ya ce shi rangwamen Ibnu Abi Zaidin ya bi, to rangwamen ya ba shi damar tsare gidansa ne, bai ba shi damar buɗe ƙofa da rana tsaka, lokacin da yara ke tafiya makaranta, alhali karen da ya riga ya ɗanɗani naman mutum yana sake ba. A fahimtata wannan sakaci ne bayyananne. Yanke hukuncin ƙarshe aikin alƙali ne, kuma jihar Katsina na da kotunan shari'ar Musulunci tun shekarar 2000.

Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinarin zinariya 1,000. Ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. Raunin da ba shi da ƙayyadadden adadi kuwa alƙali ne ke ƙiyasta shi bayan ya warke. Na kawo waɗannan ne domin mai kare ya san nauyin abin da ya ɗaure a tsakar gidansa. Amma tun kafin a je kotu, mutunci da tsoron Allah sun wajabta masa ɗaukar kuɗin magani gaba ɗaya. Annabi (SAW) ya rantse sau uku cewa imanin mutum bai cika ba matuƙar maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba, kuma ya haramta ko da tsoratar da Musulmi, balle yaga namansa.

Wani zai ce: "To idan ɓarawo ne fa?" Malamai da yawa sun ce wanda ya shiga gida ba da izini ba shi ya jawo wa kansa. Amma a lura, Malikiyya sun ɗora biya har a kan wanda ya haƙa rami a cikin gidansa da nufin ɓarawo ya faɗa ya halaka, domin hana sata abu ne, shirya kisa kuma wani abu ne. Sannan mu duba waɗanda ke leƙa ƙofofinmu da rana: almajiri mai neman ɗumame, 'yar talla, yaron maƙwabta da ƙwallonsa ya faɗa ciki, ma'aikacin wutar lantarki, baƙuwar da ta yi sallama ba a ji ba. Ba ɗayansu da ya cancanci haƙorin kare.

Gargaɗi: makamin da muka yar

Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne shirun maƙwabta. Shari'a ta ba su makami mai sauƙi, wato gargaɗi a gaban shaidu, suka ajiye shi saboda kunya da jin nauyin mai kuɗi. Da tun ranar da aka ciji mai ga-ruwa mutum biyu adilai sun raka mai unguwa da liman zuwa gidan, sun faɗa wa maigidan cewa karensa na cizo, ya tsare shi, sun rubuta rana da sunayen shaidu, da ɗayan biyu ya faru: ko ya ɗaure karensa yaron ya tsira, ko kuma ya rasa duk wata mafaka a gaban alƙali. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga dokar zamani. Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ita ma tana duba ko mai dabba ya san halinta na cizo. A Ingila ɗin kanta an kafa dokar karnuka masu haɗari a 1991, a 2014 aka tsananta ta har wanda karensa ya kashe mutum zai iya shan ɗaurin shekara 14, ko da a cikin gidansa abin ya faru. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma aka haramta mallakar wani nau'in kare da ake kira XL Bully ba tare da takardar izini ba. Mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da kare ke nan sun gane cewa ran mutum ke gaba. Mu da littattafanmu suka tsara wannan tun fiye da shekara dubu, ba mu da uzurin zama a baya.

Yadda za a yi da kare mai haɗari

Kare mai cizo yana cikin dabbobi biyar da hadisin Nana A'isha (RA) ya ba da izinin kashewa ko da a cikin Harami. Wanda kare ya far masa, ko ya ga ya far wa yaro, yana da damar kare rai da duk abin da ya samu, kuma babu biya a kansa idan ba wata hanya sai kisa. Amma bayan ƙura ta lafa, yanke wa kare hukunci aikin hukuma ne da likitocin dabbobi. Hadisin Shaddadu ɗan Aus (RA) da ke cikin Muslim ya wajabta kyautatawa har a wurin kisa. Azaba da wuta haramun ce. Ɗaure kare a babur a ja shi a titi, ko yara su taru su jefe shi har ya mutu, zalunci ne da ke ƙeƙasar da zukatan yaran kansu. Zuba guba a juji kuma yakan kashe akuyar maƙwabci da kajinsa, wani lokaci har ya kai ga ƙaramin yaro. Kisan kan mai uwa da wabi ma ba shi da gurbi, domin Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal (RA) cewa an yi umarni da kashe karnuka da farko, daga baya aka janye.

Akwai kuma dalilin lafiya. Babban haɗarin cizon kare shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarta. Takan ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunta sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, da wuya ƙwarai a tsira. Kafin su bayyana kuwa allura na hana ta, da ikon Allah. Idan an tsare karen da ya yi cizo kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, za a gane ko yana ɗauke da cutar. Idan kuwa taron jama'a ya ƙone shi, an ƙone shaidar tare da shi.

Don haka iyaye da ɗalibai su riƙe wannan: wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, kamar Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, a fara allurai, a kuma cika su a ranakun da likita ya tsara. Kada a jira a ga abin da zai sami karen kafin a fara. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon, kamar yadda wasu ke yi, ba ya kashe ƙwayar cutar. A yi addu'a, a yi tofi, amma a je asibiti, domin wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani.

Kira

Ya kai mai kare, ka tambayi kanka ko da gaske kana da buƙatarsa. In kana da ita, ka gina masa keji, ka ɗaure shi da rana, kada a buɗe ƙofa sai an tabbatar yana ɗaure, ka sa masa takunkumi in za a fita da shi, ka rubuta gargaɗi da Hausa a jikin ƙofa, ka kuma tuna cewa ƙaramin yaro bai iya karatu ba. Ka yi masa allurar rigakafi tun yana ɗan wata uku, ka riƙa sabunta ta duk shekara, ka adana takardar. Ka ciyar da shi, domin barin kare da yunwa don ya ƙara zafi zalunci biyu ne, kuma mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Mafarautanmu ma, masu ratsa gari da garken karnuka in kaka ta yi, wannan magana ta haɗa da su.

Ya ku masu unguwanni da limamai da jami'an Hisbah, ku raya sunnar gargaɗi, ku buɗe littafin rubuta ƙorafi, kada ku duba girman ƙofar gidan da za ku ƙwanƙwasa. Ya ku hukumomin jiha da na ƙaramar hukuma, karen da ba shi da mai shi nauyinsa na kanku. Masana sun tabbatar da cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwar cutar, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa wannan allura a cikin gida. A yi rajistar karnuka, a kwashe jujin da ke tara su, a wadata asibitoci da allurar mutane a farashin da talaka zai iya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, ya dace limamanmu su keɓe mata huɗubar Juma'ar wannan mako.

Game da yaron nan kuwa, mun je gidan tare da mai unguwa da dattawa biyu. Maigidan ya saurara, ya karɓi nauyin alluran gaba ɗaya, ya kuma kira mai walda ya haɗa wa karen keji. Allah Ya saka masa da alheri a kan komawa ga gaskiya. Amma har yau, in lokacin Islamiyya ya yi, yaron zagaye yake yi ta wani layi mai nisa, ba ya yarda ya bi ta ƙofar gidan. Wannan tsoro ba shi da adadi a babin diyya, amma yana rubuce a wurin Wanda ba Ya mantuwa.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga sharrin duk abin da Ya halitta, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya har mu wayi gari ba mai buƙatar kare a ƙofarsa. Allah ne mafi sani.